Guzurin da Aka Ce In Dafa

Inna Hafiza, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin abin da ke gabana ba mai jira ba ne. Watan Sha'aban ya raba tsakiya, kuma na fahimci so ake a gama komai kafin a ga na azumi. Na sauya sunayen mutane da na wurin da zan ambata, saboda tsakar gida ɗaya muke shara da su.

Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Ankara ta ƙasar Gana. Muna zaune a unguwar Maamobi, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa kusa da babbar gota, wato kwatar da ruwan unguwa ke bi. Mijina Osumanu gyaran firij yake yi, ni kuma ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida da safe. Tun zuwana nake tsokanar mutanen Zongo, masu jin Hausa na nan garin, a kan Hausarsu. Su mace ma "kai" suke ce mata. Farkon zuwana in aka ce mini "Amariya, ka tashi lafiya?" sai in waiga ina neman namijin da ake gaisarwa. Nakan ce musu ni a nono na sha Hausa, su kuwa a kasuwa suka tsince ta, su yi ta dariya. To yau ga ni, Hausar da nake taƙama da ita ce ta kusa jefa ni cikin abin da ruwan teku ba zai wanke mini hannu ba.

Mai gidan da muke haya wata tsohuwa ce, Mma Sala. Ɗanta Nurudeen direban babbar mota ne, yana auren Zalia, wadda ke sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie. Suna da yaro ɗaya, Muftahu. Ya kai shekarun shiga makaranta, amma ba ya tafiya, ba ya magana, wuyansa ma da ƙyar yake tsayawa. Zalia ta taɓa gaya mini ta daɗe tana naƙudarsa, kuma kafin suna idanunsa suka yi ɗorawa. Aka yi ta yi masa wankan ganye, ba a kai shi asibiti ba sai da jikinsa ya saki. Yaro ne mai fara'a, Inna. In ya yi dariya da dukan jikinsa yake yi, har ƙafafunsa su miƙe. Amma a unguwa ba a kiran sunansa. Masu jin yaren Tuwi su ce nsuoba, masu Hausa su ce ɗan ruwa. Akwai masu rantsuwa cewa in ba kowa a ɗaki maciji yake komawa, alhali ba wanda ya taɓa gani, kowa a bakin wani ya ji.

A unguwar Kotobabi akwai wani wuri da zan kira Gidan Sauƙi. Wata tsohuwar nas ce, Madam Fusena, ta buɗe shi bayan rasuwar 'yarta, wadda ita ma irin Muftahu ce. Ɗakuna biyu ne da baranda. Iyaye mata sukan kawo yaransu da safe su tafi nema, su dawo su ɗauke su da la'asar. A can ake miƙa musu gaɓoɓi, ana koya musu zama da riƙe cokali, ana kuma yi musu kujeru da kwali da ƙullun sitaci, kowane yaro daidai jikinsa. Ba mai biyan Madam albashi. Abin da jama'a suka kawo da shi wurin ke rayuwa.

Wata rana na taya Zalia ɗaukar kaya zuwa can, sai na ga yaran har hantsi ba su sa komai a ciki ba. Daga ranar na fara ajiye bokiti ɗaya na koko, in na tashi daga ciniki in kai musu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ba tsantsar kirki ba ne ya sa ni. Na daɗe da aure ban haihu ba, na yi ɓari, sai na ce bari in riƙe wannan sadakar ko Allah zai dube ni. Amma da tafiya ta yi tafiya na manta da cinikin da na ƙulla, na shiga son yaran don kansu. Na jawo matan adashinmu, wannan ta ɗauki nauyin shinkafa, waccan gawayi, wata sabulu. Ni ce mai bi ɗaki ɗaki ina tuna musu, har suka sa mini suna Sarkin Naci.

Muftahu yana da wahalar ci, abu kaɗan ya shaƙe shi. Madam ta koya mana yadda ake yi: koko mai kauri, ƙaramin cokali, ta gefen baki, sannan a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Uwarsa kullum cikin sauri take don kada kasuwa ta wuce ta, ni kuwa na riga na gama nawa cinikin, ina da lokacin jira. Haka ya saba da hannuna. Ya kai in ya ji ludayina ya bugi bokiti sai ya fara wani ƙara a maƙoshi, yana juyo da kai yana nemana. In wani ya miƙa masa cokali yakan datse baki.

Sai Allah ya ba ni ciki. Murna ba ta gama sauka ba aka taso ni a gaba, wai mai ciki ba ta kallon irin waɗannan yara, abin da ke cikin zai kwaikwaya. Osumanu, wanda bai taɓa hana ni zuwa ko'ina ba, ya zaunar da ni yana roƙona kamar zai yi kuka, ya ce mun daɗe muna jira, kada in yi mana sanadi. Na daina zuwa. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin ni ma tsoron ya shige ni. Na koma in zan ratsa tsakar gida sai in kau da kai. Yaron ya ji ludayi ya yi ta kirana da wannan ƙaran nasa, ni kuwa in shige ɗaki in saki labule. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Da Sarkin Naci ta yi shiru, matan adashi ma suka yi sanyi ɗaya bayan ɗaya. Ba da jimawa ba na ji Madam ta rage ranakun buɗewa, don ba ta iya tara yara ta bar su da yunwa. Ta aiko a tambayi lafiyata, ban ko mayar da amsa ba. Ranakun da wurin ke rufe, Zalia takan bar Muftahu a hannun kakarsa ta tafi kasuwa, tsohuwa ta wuni da shi ita kaɗai, ga ciwon ƙafa.

A cikin wannan tsakanin ne abubuwa suka yi ta faɗo wa gidan. Motar Nurudeen ta kife a hanyar arewa, ya tsira da ransa amma mai motar ya sallame shi. Ƙafar Mma Sala ta kumbura. Aka yi ruwa mai ƙarfi, gota ta cika ta shigo ɗakunan da ke baya. Kowane ɗaya ya faru sai ka ga an dubi ƙofar ɗakin Zalia. Daga nan wani mutum ya fara zuwa. Ba malamin unguwa ba ne, ba wanda ya faɗi sunansa, ba ya sallama in ya shigo. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya daɗe yana kallon yaron, sannan su shiga ɗaki da tsohuwa. Ina so ki sani, Inna, Mma Sala ba muguwa ba ce a sanina. Ba ta wasa da salla. Ranar da na yi ɓari ita ta zauna da ni, ita ta gasa mini jiki kamar 'yar cikinta.

Makon jiya ta kira ni ɗakinta, ta ce, "Amariya, za mu raka Muftahu gida. Kai ne za ka dafa mishi guzuri, hannunka ne ya sani." Ta ce doya za a daka da manja, a dafa ƙwai, kuma ni zan ba shi da hannuna a safiyar tafiyar. Ta ce sau ɗaya ba zai yi wa cikina komai ba, in dai na ɗaura baƙin zane. Ni da na ji rakiya, na ji gida, na ji guzuri, me zan kawo a raina? A garinmu rakiya ita ce ka taka wa baƙonka zuwa bakin hanya. Na ɗauka ƙauyen kakanninsu za a kai shi can arewa, inda dangi suke da yawa, a sami masu kama wa Zalia. Har wani sanyi na ji a zuciyata, na ce shi ke nan na huta da kau da kai. Na ce Allah ya kai shi lafiya, ta ce amin. Na ce Allah ya dawo mana da shi lafiya, sai ta sunkuya tana gyara ɗaurin ƙafarta. A lokacin ban kawo komai ba. Washegari ma da kuɗina na sayo ƙwan, na ce nawa gudummawar ke nan.

Sai na fara ganin abubuwan da ba su yi kama da shirin tafiya ba. Kujerar kwalin da aka yi masa a Gidan Sauƙi, wadda Zalia ba ta yarda ko yaro ya taɓa, aka fito da ita aka ajiye a bakin rariya. Ruwa ya sauka a kanta, kowa yana gani, ba wanda ya ɗauke, har ta jiƙe ta zube. Ban ga an haɗa jaka ba. Kayan sawarsa ma Zalia ta ƙulle su ta ba wata 'yar dako da ke da ƙaramin yaro. Wane matafiyi ake rabar da tufafinsa? Abin da aka sayo sabo shi ne farin yadi. Zalia kuwa ta rame, ba ta haɗa ido da kowa. Da safe takan daɗe tana yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta shafa masa mai, ta zauna ta riƙe ƙafarsa, kasuwar da take wa sauri tana wucewa.

Duk da haka ban gane ba, rashin sani ya fi dare duhu. Na ɗauki wani guntun atamfa na kai wa Shamima, telar da ke lungunmu, haifaffiyar unguwar Nima ce, uwarta Ba'asantiya mai jin Tuwi. Na ce ta ɗinka wa Muftahu 'yar riga, tunda za a raka shi gida kafin azumi kuma ni zan yi guzuri. Ta ajiye almakashi ta dube ni. Ta tashi ta turo ƙofar shago, ta ce, "Sista, kai da kake cewa ka fi mu Hausa. Wannan rakiya ba na mota ba ne. Bakin ruwa ake kai shi, a ce ya koma wurin mutanenshi. Wanda aka raka ba ya dawowa." Ta ce daga Tuwi maganar ta shigo bakin 'yan Zongo, haka ake faɗa don kada a kira abin da sunansa. Ta ce a cikin abincin ne mutumin ke zuba abin da zai zuba, shi ya sa ake neman hannun da yaro ba zai ƙi ba. Da na tambayi dalilin gaggawar, ta ce ai an ce da azumi ana ɗaure aljanu, in wata ya kama babu mai zuwa karɓarsa. Sannan ta haɗa ni da Allah kada in ambaci sunanta.

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Ƙwan nan suna cikin kwano a ɗakina har yanzu, na rufe su da faifai don ba na iya kallonsu.

Na gaya wa Osumanu. Ya ce mu baƙi ne, ba a shiga tsakanin mutum da jikansa, in ce kawai ba ni da lafiya ba zan iya girki ba. Ya tuna mini ɗakin da muke ciki na Mma Sala ne, wurin da nake kafa tukunya ma nata ne, kuma kowa ya san wahalar samun ɗaki a garin nan, balle da tsohon ciki. Gaskiya ya faɗa. Amma in na ce ba ni da lafiya, wani hannun za a nema, yaron ya datse baki a ɗura masa. In na je wurin 'yan sanda, me zan nuna musu, kwanon ƙwai da kalma ɗaya? In aka kama Zalia fa? In kuma Shamima ce ta yi kuskure, ƙauyen ne da gaske, na tozarta tsohuwar da ta rufa mini asiri? Madam Fusena kuma da wane ido zan dube ta, ni da na gudu na ja sauran mata suka gudu? Gaba kura, baya sayaki.

Na gwada Zalia a bakin famfo. Na tambaye ta wace mota za su shiga. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Na gaji, Amariya." Bokitinta ya cika yana zuba a ƙafarta, ba ta janye ba. Ban sani ba ko ta yarda ne, ko an fi ƙarfinta, ko ita ma jira take wani ya ce a'a.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Wani lokaci in na ji ƙaran yaron sai abin da ke cikina ya motsa, in ce ko dai akwai gaskiya a maganar mutane. Na yi istigfari, amma tunanin yana dawowa. Inna, ki gaya mini, kallonsa zai cuci ɗana? Wa zan fara gaya wa? Mma Sala ta ce in zauna da shiri, za ta sanar da ni ranar da daddaren da ya gabace ta. Kullum na ga ta nufo ƙofata sai in ce yau ce.

Taki cikin damuwa,
Mai Koko, Maamobi

*

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Koko.

Ban ajiye wasiƙarki a layi ba. Ina gama karantawa na kira lambar da kika turo ta da ita, na sake kira, a kashe take. Tunda kin sauya sunaye ban san ƙofar da zan buga ba. Na aika wa masu kula da irin waɗannan yara da na sani a yankinku, su duba wane yaro ne ya daina zuwa. Amma ke ce ƙafarki ke cikin tsakar gidan, don haka ki karanta wannan a tsaye, mayafinki a hannu.

Mu fara da kiran abin da sunansa, tunda ɓoye sunan ne ya kusa rutsawa da ke. In abin da Shamima ta faɗa haka yake, wannan kisan kai ne. Addininmu ya haramta, dokar ƙasar da kike zaune ta haramta, kuma babu malamin kirki da zai sa masa albarka. Kada ki dafa, kada ki ba shi komai da ya fito daga hannun wani, kada kuma ki fake da ciwon ƙarya. Ciwon ƙarya ke zai fitar, yaron yana nan a ciki.

Kin ce ko Shamima ta yi kuskure. Mai yiwuwa ne. To auna biyun. In ita ta yi kuskure kika yi magana, abin da zai same ki kunya ce da fushin tsohuwa, kuma ana ba da haƙuri a wuce. In ta yi daidai kika yi shiru, babu haƙurin da zai dawo da shi. Balle ma ba kalma ɗaya kike da ita ba. Kin ga kujera a ruwa, kin ga an rabar da tufafi, kin ga farin yadi, kin ji addu'ar da aka ƙi amsawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Yau ɗin nan ki tafi wurin Madam Fusena, kada ki bari sai gobe. Kunyar da kike ji ki tafi da ita a hannu, ba za ta hana ki tafiya ba. Matar da ta binne 'yarta ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan wasu ba za ta tsaya yi miki ƙorafin koko ba. Na tabbata ba yau ta fara jin kalmar rakiya ba, kuma ta fi ki sanin jami'an jin daɗin jama'a da sashen 'yan sandan da ke kula da lamarin mata da yara. Ki gaya mata duk abin da kika gani, ki bar sunan Shamima kamar yadda kika yi alkawari. Abu na farko da za a nema shi ne yaron ya kwana a wani wuri amintacce tare da uwarsa, sauran magana ta biyo baya. Ku nemi limamin da Mma Sala ke jin nauyinsa da magajiyar unguwa su shigo ciki, domin tsohuwa ta fi jin maganar wanda take bi salla a kan ta mai kaki. Idan kuwa ta buga miki ƙofa kafin ki kai ga kowa, babu sauran lallashi. Ki ta da maƙwabta, ki kira 'yan sanda, ki faɗi abin da ake shiryawa da babbar murya a tsakar gida. Irin wannan aiki da shirun mutane yake tafiya.

Ban ce ki ɗauki Mma Sala dodo ba. Na yarda da ke, mace ce mai alheri da tsoro ya ci ƙarfinta. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, an bar ta da yaron da ba ta san yadda ake ɗaga shi ba, ɗanta ya rasa aiki, ruwa ya ci ɗakunanta, sai ga wani ya zo ya nuna mata inda za ta ɗora laifin duka. Wanda ya kamata hukuma ta bincika shi ne mai shigowa ba sallama, don ba gidanku ne kaɗai ya sani ba. Hana ta wannan aiki shi ne babban sakayyar da za ki yi mata a kan gashin jikin da ta yi miki. Yau za ta ji haushinki. Wata rana, in Allah ya so, za ta gane abin da kika tsare mata.

Zalia kuma ta riga ta ba ki amsa. Uwar da ta sallama ɗanta ba ta zama tana yanke masa farce kasuwa na wucewa. Kada ki tambaye ta ko ta yarda. Ki same ta ita kaɗai ki ce mata kin gane, ba za ki dafa ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ki ce ta zo ku tafi wurin Madam tare. Nurudeen ma a zaunar da shi, ɗansa ne, kada a bar shi ya ɓuya a bayan uwarsa.

Yanzu maganar cikinki. Kallo ba ya sauya halittar da ke cikin mahaifa. Ke da bakinki kin faɗi abin da ya sami Muftahu: doguwar naƙuda, da shawarar da ta kama shi yana jariri aka makara kai shi asibiti. Waɗannan kan taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma ba a ɗaukarsu ta ido ko ta cokali. Shi ba ɗan ruwa ba ne, ɗan Zalia ne. Motsin da kike ji kuwa, ɗan cikinki yana motsawa in kin ji kiran salla ma, ba ki dai lura ba ne. In kina son kare shi, ki riƙe awo, ki haihu a asibiti, in kuma kika ga idonsa ya sauya launi ki koma da shi a ranar. Ki tafi da Osumanu awo ya ji daga bakin nas. Tsoronsa na ƙauna ne, kada ki yi masa tsawa, kuma maganar ɗaki da ya kawo ba shirme ba ce. Kuna iya rasa ɗakin, ba zan ɓoye miki ba. Ku fara cigiyar wani tun yanzu, ki kuma gaya wa matan adashinku halin da ake ciki. Amma ki tambaye shi, cikin natsuwa, yadda zai iya raɗa wa ɗansa suna a tsakar gidan da aka fitar da ɗan wani yana kallo.

Kada ki ɗora wa kanki cewa barin kokonki ne ya jawo wannan. Darasin da ke ciki dai shi ne, wurin da ke ɗauke wa iyaye irin wannan nauyi bai kamata ya rataya a kan bokitin mace ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarkin Naci ta koma bakin aiki, amma wannan karon ku raba ranakun, kowace ta san tata, a kuma sami mataimakiya don ranar da za ki kwanta jego. Ku sa maza a ciki, masu shago da direbobi da kafintoci. Ku kuma ware ranar da wata za ta karɓi yaro uwarsa ta yi barci, domin gajiya ce ƙofar da irin mutumin nan ke shigowa ta ciki. Ku masu karatu, azumi na tafe, kowa na neman inda zai kai sadaka. Ku leƙa unguwanninku, akwai irin wannan gida da ke rage ranakun buɗewa ba tare da ya yi shela ba, akwai kuma ɗakin da aka saki labule aka bar yaro a ciki.

Ƙwan nan da kika rufe da faifai, kuɗinki ne, halal ne. Ki dafa su a tukunyarki, ki kai Gidan Sauƙi a raba wa yara.

Hausarki kuwa ba ta yaudare ki ba, 'yata. Ke ce kika ji kalmar daidai. A wurinmu wanda ake so ake rakawa, a taka masa zuwa bakin hanya, a ce ya gai da gida, a ce sai ya dawo. An ce ki raka Muftahu, to ki raka shi. Zalia ta goya shi, ke ki ɗauki bokiti, ku bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka zuwa Kotobabi, la'asar ta yi ku san inda zai kwana lafiya.

Ki kunna wayarki, ina jiran kiranki. Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sauke ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Zalia, ya shiryi tsohuwa. Allah ya sa ranar da za a ga watan azumi, in ludayinki ya bugi bokiti, a ji mai amsawa.

Taku,
Inna Hafiza